Kafin Mu Kwashe 'Ya'yanmu, Mu Fara Duba Littafin Ɗan Aji Huɗu

Duk wanda ya taɓa tsayawa da sassafe a bakin titi a Kokomlemle, ya sayi koko da ƙosai yana jiran motar da za ta kai shi shago, ya san abin da za mu faɗa. Tun wajen ƙarfe shida motocin makarantun kuɗi ke wucewa ɗauke da yara, kowa da jakarsa da gorar ruwansa. Jim kaɗan sai ga wasu yaran a ƙafa, sun fito daga lungunan Nima da Maamobi da New Town, wasu da kayan makarantar gwamnati, wasu da hijabi da hular makarantar Islamiyya. Babu wata doka a Ghana da ta ce wannan ya shiga mota, wancan ya taka sayyadarsa. Amma in ka sake tarar da su bayan shekara tara, ranar da sakamakon jarrabawar BECE ya fito, za ka ga an ware su kamar yadda ake ware albasa a kasuwar Adjen Kotoku, manya gefe guda, ƙanana gefe guda.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun Zango da ƙofofin masallatai, wadda kuma 'yan'uwanmu fatake suka kwasa suka kai har Aflao da Paga da Bawku, mun ma ji ƙurarta a Jibiya da Illela. Asalinta sananne ne. A watan azumin 2021 makarantar 'yan mata ta Wesley Girls da ke Cape Coast, wadda cocin Methodist ya kafa tun 1836, ta hana wata ɗaliba Musulma yin azumi. Hukumar Ilimi ta Ghana ta ba da umarnin a bar masu son azumi su yi, cocin ya fito fili ya ce bai yarda da umarnin ba. Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa ta shiga tsakani, har aka kai ga wata yarjejeniya a 2024 kan yadda makarantun mishan za su zauna da ɗaliban da ba addininsu ɗaya ba. A watan Disambar wannan shekarar wani lauya, Shafic Osman, ya kai ƙara Kotun Ƙoli, yana cewa makarantar da gwamnati ke biyan malamanta ba ta da ikon hana ɗalibi sallarsa da azuminsa. A Nuwambar 2025 ofishin Antoni Janar ya tsaya a gefen makarantar, kotu kuma ta nemi hukumar makarantar ta kawo amsarta a rubuce.

Daga nan ne wasu dattawanmu suka ce a yi ta ta ƙare. Hujjarsu ita ce, wanda ya shiga gidan wani dole ya bi dokar maigida, saboda haka mu daina kai 'ya'yanmu inda za a tilasta musu shiga coci, mu haɗa kuɗi mu gina namu, kowa ya zauna a tsakar gidansa. Wannan magana ba ta banza ba ce, kuma ba za mu raina masu yin ta ba. Uban da ya aika 'yarsa makarantar kwana mai nisan tafiyar awa uku, ya kwana yana tunanin ko ta yi sallar asuba, ba za a ce masa tsoronsa shirme ne ba. Tsarin mulkin 1992 ma, a sashe na 25, ya ba kowa damar kafa makaranta da kuɗinsa. Kuma an taɓa yi an gani. 'Yan Ahmadiyya sun buɗe sakandarensu a Kumasi tun 1950, yau ga shi Kirista ma na neman gurbi a cikinta.

To amma akwai wurin da hujjar ta yi rauni, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa saurin ganinsa. Shin gidan na maigida ne shi kaɗai? Malaman waɗannan makarantu gwamnati ke biyansu. Tun Satumbar 2017 da aka fara karatun sakandare kyauta, abincin ɗalibai da littattafansu daga baitulmali suke fitowa. Baitulmalin nan kuwa da kuɗin fiton da Alhaji ya biya a Aflao a ciki, da harajin da Hajiya ke biya kan rumfarta a kasuwar Nima. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai kashi 19.9 cikin ɗari na mutanen ƙasar, wato kusan mutum ɗaya cikin biyar. Wanda ya zuba jari a cikin shago, aka samu saɓani da abokin hulɗa, ba ya tattara tabarmarsa ya bar masa shagon da ribar. Zama ake yi a yi lissafi, in ya ƙi a je gaban alƙali. Iyayen yaran nan biyu 'yan Rastafari da makarantar Achimota ta ƙi karɓa a 2021 saboda gashin kansu haka suka yi, kuma a ƙarshen watan Mayun wannan shekarar babbar kotu ta ce a karɓe su. Da sun yi fushi sun koma gida, da yau babu wannan hukunci da kowa zai iya kafa hujja da shi.

Akwai kuma masu kiran abin da ke faruwa da sunan wariya irin ta Amurka ko Afirka ta Kudu. A nan ma ya kamata a yi hattara da kalmomi, domin in ka kira zazzaɓi da sunan kuturta, maganin da za ka saya ba zai yi aiki ba. A Amurka doka ce ta raba. Kotun Ƙolinsu a 1896 ta halatta a ware baƙar fata da farar fata muddin dai, wai, abin da aka ba kowa daidai yake, sai a ranar 17 ga Mayun 1954, a shari'ar Brown, alƙalai tara suka haɗu a kan cewa makarantar da aka ware ba za ta taɓa zama daidai ba. A Afirka ta Kudu dokar ilimin Bantu ta 1953 da gangan aka tsara ta don ɗan baƙar fata ya tsaya a aikin ƙarfi. Ghana ba ta da irin wannan doka. Sashe na 17 na tsarin mulki ma ya haramta nuna bambanci saboda addini ko ƙabila. Amma akwai darasi guda da ya kamata mu ɗauka daga can, kuma ba zai yi wa masu cewa a ware daɗi ba. Duk inda aka raba makarantu gida biyu, ɓangaren da ba shi da kuɗi da iko shi ke kwasar ragowa. A can tilasta wa mutane aka yi. Mu kuwa ana ba mu shawarar mu yi wa kanmu da hannunmu.

Kuma mun taɓa yi. Kakanninmu a Gold Coast sun ƙi kai yara makarantun mishan don tsoron a canza musu addini, kamar yadda a Arewacin Nijeriya Turawa da sarakuna suka takaita shigar mishan cikin masarautu, har sai da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909. Sun tsare addininsu, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai kuɗin da aka biya shi ne, lokacin da aka zo rabon aikin akawu da na kwastan da na lauya, 'yan Zango na gadi da dako da tuƙi. Da gwamnatin Busia ta fito da dokar korar baƙi a 1969, mutane da yawa da aka haifa a nan sun rasa takardar da za su nuna, sun kuma rasa bakin da za su yi bayani da shi a ofis. Wannan ciwon ne ya sa a 1987 aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin Hukumar Ilimi, inda makarantun Islamiyya suka yarda su koyar da manhajar gwamnati tare da Larabci da Alƙur'ani, gwamnati kuma ta turo malamai ta biya su. Ashe ke nan makarantun namu da ake cewa a gina, an daɗe da gina da yawansu. Suna nan a Nima, suna nan a Maamobi, suna nan a Sabon Zango. Tambayar da ba a son yi a majalisa ita ce, me ɗan aji huɗu na cikinsu yake iya rubutawa?

A nan ne, a ganinmu, ainihin katangar take. Cape Coast ta yi nisa. Yawancin 'ya'yanmu ba a hana su azumi a Wesley Girls ba, domin ko ƙofarta ba su kai ba. Tun 2005 kwamfuta ce ke rarraba ɗalibai zuwa sakandare bisa makin BECE. Ana haɗa makin darussa shida, kuma Turanci na cikin huɗun da dole a lissafa. Bugu da ƙari, lissafi da kimiyya da ilimin zaman jama'a duk da Turanci ake tambayarsu, da Turanci ake amsawa. Yaron da ya iya lissafi a ka, wanda tun yana shekara goma yake ba da canji a shagon babansa ba tare da kuskure ba, zai iya faɗuwa lissafi don kawai bai gane abin da tambayar ke nema ba. In ya haye wannan, a jarrabawar WASSCE sai ya samu aƙalla C6 a Turanci kafin jami'a ta dube shi. Gwamnati ta taɓa keɓe kashi 30 cikin ɗari na guraben manyan makarantu ga 'yan makarantun gwamnati, abin a yaba ne, an kuma sa Larabci cikin darussan zaɓi na BECE a 2024, shi ma abin a yaba ne. Amma babu ɗayansu da zai rubuta wa yaro jimla.

Jimlar nan da muke magana ba wani abin tsoro ba ce. Gininta uku ne: wa ya yi, me ya yi, wa aka yi wa. Malaman Hausa na cewa aikau da aikatau da karɓau. Malamanmu na zaure kuwa, waɗanda suka karanta Ajurumiyya, sun san su da fa'ili da fi'ili da maf'uli tun kafin a haifi malamin Turancin. Abin da ba a faɗa wa yaranmu shi ne, a wannan fage Bahaushe na da sa'a. Larabci yakan fara da aikin kafin mai yin sa, amma Hausa da Turanci jeri ɗaya suke bi. "Musa ya sayi goro" da "Musa bought kola" kalma na bin kalma kamar raƙuma a ayari. Har wa yau Hausa na bambanta namiji da mace, ya da ta, kamar yadda Turanci ke da "he" da "she", alhali Twi ba ta yin wannan bambanci. Sai dai mu faɗi gaskiya, Hausarmu ta Zango ta saki wannan igiya, za ka ji ana cewa "Amina ya zo", abin da in Bakatsine ya ji sai ya riƙe baki. To wanda ya saba da haka a gida, a aji ma haka zai yi.

Wuraren da yaro Bahaushe ke tuntuɓe ba su da yawa, kuma duk malamin da ya san Hausa zai iya nuna su da yatsa. A Hausa lokaci na zaune ne a jikin ɗan ƙaramin kalmar da ke gaban aiki: ya biya, yana biya, zai biya. Ita kalmar biya ba ta motsawa. A Turanci aikin ne da kansa ke canza riga, "pay" ya koma "paid", "buy" ya koma "bought". Mu muna cewa buhu goma, ba sai mun ce buhuna ba, don haka yaro ke rubuta "ten bag" ya manta da harafin ƙarshe. Mu da kalma ɗaya muke cewa na ranta daga gare shi da na ranta masa, su kuwa sun raba, mai karɓa "borrow", mai bayarwa "lend". Wannan ba kuskuren jarrabawa kaɗai ba ne. Wanda ya rubuta ɗaya a madadin ɗaya a takardar bashi ya mai da kansa mai bin bashi ko wanda ake bi, ya danganta da inda alƙalami ya zame.

Sai kuma wanda ya fi cutar da fatake. In jami'i ya tambaye ka da Hausa, ba ka biya ba? Ka ce e, ma'ana e, ban biya ba. A Turanci ba haka ake yi ba, wanda bai biya ba "no" zai ce, wanda ya biya ya ce "yes". Sau nawa aka yi ta cacar baki a shingen kan iyaka, direba na rantsuwa, jami'i na ɗaga murya, alhali su biyun abu ɗaya suke nufi, ko kuma kowa ya tafi da fahimtar da ba ita ba ce?

Wani ɗan'uwanmu mai kawo albasa daga Nijar ya taɓa kawo mana wata takarda a nan Kokomlemle, ransa a ɓace. Ya kama hayar wurin ajiye kaya, an karanta masa takardar a gurguje, ya ji an ambaci biyan kuɗin gyaran rufi, ya ɗauka an riga an biya. Da damina ta zo rufi ya zuba, mai wurin ya nuna masa layin. Ba "has been paid" aka rubuta ba, wato an biya. "Shall be paid by the tenant" aka rubuta, wato ɗan haya ne zai biya. Muka ce masa, Alhaji, ai da ka kawo kafin ka sa hannu. Ya ce ya kai, ɗansa da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ne ya duba masa. Yaron ya karanta kowace kalma daidai, da murya mai kyau. Wanda zai biya ne kawai bai gano ba. Shekara takwas yana zuwa makaranta kullum, ana biyan kuɗin darasin yamma, ana sayen littafi, kuma ba a makarantar mishan yake ba.

Wani zai ce to ai maganin shi ne a fara da Turanci zalla tun daga aji ɗaya, kamar makarantun kuɗi. Ghana ta gwada haka a 2002, bayan 'yan shekaru ta janye ta koma fara karatu da harshen gida. A Oktoban 2025 Ministan Ilimi Haruna Iddrisu ya sake jaddada cewa a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen uwa. Wata guda bayan haka Nijeriya ta yi akasinsa, ta soke manufarta ta 2022 ta koma Turanci. Nijar kuwa a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Ƙasashe uku, hanya uku, kuma ɗan kasuwar da ke da iyali a Accra da Kano da Maraɗi duk ukun sun shafe shi.

Mu dai muna tare da masu cewa yaro ya fara da harshen da yake ji. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci, aka kuma ba su Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararren malami, ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Amma ga inda gizo ke saƙa. A cikin harsunan da gwamnatin Ghana ta amince a koyar da su a makaranta akwai Ga da Ewe da Dagbani da Gonja da Kasem da sauransu, babu Hausa. Dalilin da ake bayarwa shi ne Hausa baƙuwa ce. To yaron Nima da ya tashi da Hausa a gida da titi da masallaci, ko da iyayensa Kotokoli ne ko Zabarmawa ko Mosawa, in an ce harshen uwa sai a ba shi Ga ko Twi. Ya zo koyon baƙon harshe ɗaya, an ɗora masa biyu. Malamar da aka turo masa ba ta jin Hausa, don haka ba za ta taɓa sanin dalilin da ya sa yake rubuta "ten bag" ba, sai dai ta ja masa jan biro ta ce ba ya da ƙoƙari. In ana neman wariyar da ta cancanci a kai kuka majalisar dokoki a kanta, ga ta nan, kuma ba mu ji an tara jama'a a kanta ko sau ɗaya kamar yadda aka tara kan azumi ba.

Kada kuma a yi mana mummunar fahimta, ba muna cewa Hausa ta maye gurbin Turanci ba ne. Gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu ma da sunan harshen uwa ta tsare yara daga Turanci, kuma ɗaliban Soweto da suka fito a ranar 16 ga Yunin 1976 sun fito ne don ƙin harshen Afrikaans da aka ƙaƙaba musu. Takardar kwastan a Tema da Turanci take. Saƙon da ke shigowa wayarka in an turo kuɗi da Turanci yake. Lokacin da aka riƙa kulle shagunan baƙi a Circle a 2019 da 2020 bisa dokar zuba jari ta 2013, wanda ya iya karanta takardar da aka manna masa a ƙofa ya san ofishin da zai nufa, wanda bai iya ba sai ya nemi ɗan tsakiya ya biya. Hausa tsani ce da za a taka, Turancin kuma dole a kai gare shi. 'Yan'uwanmu na Lome da Cinkasse da Ƙonni su sa Faransanci a wurin Turanci, lissafin bai canza ba.

Saboda haka ga abin da muke gani. Shari'ar haƙƙin ɗalibai Musulmi a makarantun da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu a bi ta har ƙarshe, a cikin natsuwa irin wadda Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya nuna lokacin da ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a 2019, kuma kada a cire yaro ko ɗaya daga gurbin da ya samu da guminsa. Masu hali da ke son gina sakandaren Musulmi su gina, Allah ya ba da iko, amma ƙofarta ta kasance a buɗe ga kowa, in ba haka ba mun zama abin da muke kuka da shi. Sai dai kafin a sayi bulo ko ɗaya, muna roƙon ƙungiyoyin 'yan kasuwa, na albasa da na goro da na shanu da na canji, su ware wani abu daga kuɗin da suke tarawa duk mako su ɗauki malaman Turanci masu jin Hausa, su sa su a azuzuwa ɗaya zuwa huɗu na makarantun Islamiyya da na gwamnati da ke unguwanninmu. Samarin da suka gama kwalejin horon malamai suna zaune a Nima ba aiki ba su da wuyar samu. Sarakunan Zango da 'yan majalisar Ayawaso kuma su rubuta wa Ma'aikatar Ilimi a hukumance cewa a yarda a yi amfani da Hausa a ƙananan azuzuwa a inda ita ce harshen da yara suka fi ji, su kuma nemi Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 ya ɗauki nauyin buga littattafan.

Shi kuma Alhaji da ke karanta wannan a rumfarsa a Aflao ko Maigatari, in ya dawo gida wannan karon, kada ya tsaya a tambayar na nawa yaro ya zo a aji. Ya ɗauko tsohon rasit ko takardar haya, ya miƙa wa ɗan aji huɗu ko biyar, ya ce masa, faɗa mini da Hausa, wa zai biya, wa za a biya, an biya ko ba a biya ba. In yaron ya yi shiru, gobe da safe Alhaji ya jinkirta buɗe shago, ya raka shi wurin hedimasta da takardar a hannu.